Wayar da Ba Ta da Ramin Sim

Saura kwana biyu Salwa ta koma Jamus, yayarta Hajiya Daso ta ajiye mata kwali a kan gado. A gidansu ba a sallamar baƙo hannu rabbana, balle ƙanwar da aka shekara tara ba a gani ba sai wannan zuwa da ta yi McLeansville, garin da Daso ke zaune a ƙasar waje. Sabuwar waya ce fil, fitowar bana.

Salwa ta yi godiya, ta zaro wayar, ta bi gefenta da farce, ta juya ta sake bi. Sannan ta mayar da ita cikin kwali.

"Yaya, Allah ya saka da alheri, amma ki mayar musu. Ba ta da ramin sim."

"Ramin me?"

"Inda ake saka katin layi. Ba za ta yi mini aiki ba."

Abin ya tsaya wa Daso a rai. Wa ya taɓa mayar da kyautar babba saboda rami? Ko mijin Salwa ne ya gargaɗe ta? Ko kuwa mai shagon ne ya ga tsohuwa ya haɗa ta da jabu?

Washegari da hantsi ta tuƙa motarta zuwa titin Elm, ta dire kwalin a gaban Rahim, mutumin Kumasi da ya sayar mata.

"Ɗana, dube ni da kyau. Na yi kama da wadda za a cuta? Ba caja, ba rami."

Rahim ya yi dariya. "Mama, wallahi ba ni na toshe shi ba. Wannan samfurin haka ake yin na ƙasar nan, a cikin wayar ake sauke layin. Baƙin Turai sun sha zuwa nan, su shafa gefenta, su ajiye. Masu yawan zuwa gida sun fi so su cire wannan kati su saka wancan."

"To layin Jamus fa, ba ya shiga?"

"Yawanci yana shiga, Mama. Aikin minti biyar ne."

Amsar ta wanke Rahim, amma ta ƙara wa Daso zargi. In layin Jamus zai shiga, wane layi ne Salwa ke tsoron rasawa?

Da ta koma gida, ta iske Salwa a ɗaki tana ninke kaya. Ta rufe ƙofa.

"Layi nawa gare ki?"

Hannun Salwa ya tsaya. "Biyu."

"Na biyun na ina ne? Tun zuwanki, da wayarki ta yi ƙara sai ki fice can wajen itatuwa. Kada ki ga ban yi magana ba ki ɗauka makanta ce."

"Tsohon katina ne na Gusau, Yaya."

"Wa ya rage miki a Gusau da ba zai iya kiran lambar Jamus ba?"

Salwa ta zauna a bakin gado. "Garzali."

Garzali ƙaninsu ne. Tun ranar da ya ƙi halartar jana'izar mahaifinsu Daso ta ce ta shafe shi, kuma duk wanda ya kula shi cikin dangi ya fita daga sabgarta.

"Idonsa ya tafi," in ji Salwa. "Ba ya ganin rubutun waya. Wannan lambar kaɗai ya haddace, da lalube yake danna ta. In katin ya fita daga wayata, shi ke nan."

"Shekara nawa kina ɓoye mini?"

"Shida."

Daso ta daɗe a tsaye tana duban ƙanwarta, kamar tana lissafa sauran abin da ba a faɗa mata ba. Salwa ta sunkuyar da kai tana jiran a ce ta kwashe kayanta.

"Yaushe yake kira?"

"Bayan azahar ɗin nan."

Daso ta jawo kujera ta zauna kusa da ƙofa. "In ya kira, ba inda za ki. Ki amsa a nan, ki buɗe muryar, kuma kada ki ce masa ina kusa. So nake in ji da kunnena abin da kuke faɗa a kaina."

"In ya tambaye ki fa? Kullum sai ya tambaya."

"Ya tambaya tukuna."