Akwatin Kifin Malam Azariya

Malam Azariya malamin firamare ne a Kafanchan. Shi da matarsa Afiniki da ɗansu Jason suna haya a saman benen Baba Kumai, dattijo a majami'arsu. Sun daɗe a gidan, har Azariya ya yi masa fenti da hannunsa, ya gyara famfon da ke yoyo.

Wata rana ya je Jos taron malamai, ya ga wasu kifayen ado a wani shago, dangin karfasa, masu launin shuɗi da ruwan ɗorawa. Mai shagon ya ce sikilid ake kiransu. Tun daga nan Azariya bai sake samun sukuni ba. Ya yi ta karatu a waya, har ya san cewa masu faɗa ne, kowane yana son nasa lungu, don haka sai akwatin gilashi mai tsawo, da yashi da duwatsun ɓuya.

Ya je wurin Salihu, mai yanka gilashin taga a bakin kasuwa. Salihu ya nuna masa ƙarami wanda mutum ɗaya zai iya runguma, sannan ya auna masa babba a kan tebur, tsawonsa ya kusa kai gado.

"Wanne kake so, Malam?"

"Bari in yi shawara da gida."

Afiniki tana tsince wake ta saurare shi har ya gama.

"Baban Jason, ka ɗauki ƙaramin. Gidan nan ba namu ba ne. Ranar da aka ce mu tashi, wa zai sauko da wannan abu daga bene?"

"A ƙaramin kashe juna za su yi."

"To ka tambayi mai gida tukuna."

Ya sami Baba Kumai a ƙarƙashin mangwaro yana sauraron rediyo. Ya durƙusa ya gaishe shi, ya yi masa bayanin nauyin ruwan da girman akwatin, ya ce ba ya so ya ajiye abin da zai zama wahala in an ce ya tashi.

Baba Kumai ya yi dariya ya dafa kafaɗarsa. "Tashi kuma? Kai ɗana ne. Ka sa ko kogi ne. Muddin ina da rai, nan gidanka."

Azariya ya koma ya ce wa Salihu ya haɗa babban. Mutum huɗu suka hau da shi bene, suna juya shi a kwanar matakala kamar gawa. Ya ɗebo duwatsu daga rafi a hanyar Kwoi, ya wanke su da ruwan zafi. Ya sayi ƙaramin injin iska mai batir saboda ɗauke wuta. Da kifayen suka iso daga Jos, sai ya daina tsayawa hira bayan tashi daga makaranta. Yakan zauna yana kallon babban shuɗin yana kwasar yashi da baki yana tofarwa. Afiniki ma, da ta ƙi abin, ta fara kiransa in ta ga wata ta ɓoye ƙwai a bakinta.

Ba a ci Kirsimeti ba, Baba Kumai ya tare shi a ƙofar majami'a bayan sujada.

"Malam, Tamar ɗiyata za ta dawo daga Kaduna da mijinta. Saman nan za su zauna. Ka nemi wuri kafin ƙarshen wata."

Azariya ya tsaya da Littafi Mai Tsarki a hammata. "Baba, amma na tambaye ka."

"Ka tambaye ni zancen kifi, na amsa maka zancen kifi."

Daga baya matar Baba Kumai ta gaya wa Afiniki cewa tun damina aka gama maganar dawowar Tamar, tun kafin Azariya ya je Jos. Dattijon bai so ya faɗa da wuri ba ne don kada saman ya zauna babu kowa.

Abin da suka samu cikin gaggawa ɗaki ciki da falo ne a wani gida mai yawan 'yan haya. Ranar tashi, Azariya ya kwashe kifayen cikin bokiti biyu. Masu ɗaukar kaya suka buga gindin akwatin a kwanar matakala, gilashin ya tsage daga ƙasa har sama. Baba Kumai yana zaune a gindin mangwaro, ya ɗaga murya ya ce su yi hankali da fentin bango.

Kifayen suka kwana biyu a bokiti suna cizon juna. Salihu ya yi sauri ya haɗa ƙarami, amma kafin gam ɗin ya bushe kifi uku kawai suka rage. Azariya ya ba wani malami ɗan'uwansa su, ya ce ba ya so a ba shi labarinsu.

Afiniki ta ɗaure tsagaggen akwatin da roba, ta ajiye shi a bayan ƙofa tana zuba busasshiyar citta. Ba ta taɓa ce masa ai ta faɗa ba. Ran Lahadi kuwa, in Baba Kumai ya miƙe zai yi addu'ar rufewa, Azariya yakan sunkuyar da kai tare da kowa, amma idonsa a buɗe yake, kuma ba ya cewa amin.