Man Shafawa a Ranar Gayya

Tun da farin tabo ya fito wa Haggai a wuya da kafaɗu, mutanen unguwarsu a Dabai suka daina sa hannu a akushi ɗaya da shi. Kuturta ce, in ji su. Maƙwabcinsa Dawuda kaɗai bai janye ba, har naman gabansa yake wawushewa.

Likitan fata a Sakkwato ya ce ba kuturta ba ce. Ya ba shi wani mai da aka tatso daga tsiro, ya ce ya shafa kaɗan, ya ɗan sha hantsi, ya wanke, ya rufe jiki. Man ba ya aiki sai rana ta taɓa shi, in kuwa ta yi yawa, ya zama dafi.

Ana haka ranar gayyar Dawuda ta zo. Leah, matar Haggai, ta ce ya zauna gida. Ya ce wanda ya ci tuwo da shi ba zai yi noma babu shi ba, kuma namiji ba ya shiga gayya da riga. Ya lafta man, a ganinsa in rana kaɗan magani ce, mai yawa ai ta fi. Ya yi ta noma har la'asar.

Washegari kafaɗunsa suka tashi bororo kamar an sheƙa masa tafasasshen ruwa. Dawuda ya goya shi a babur sai asibiti a Zuru. Likita bai ɓoye masa komai ba. Man yana shiga har cikin ƙwayoyin fata, rana ta sa ya ɓata asalin halittarsu. Ƙunar za ta warke, amma in ya ƙara, ciwon daji na iya biyo baya. Bana dai shi da rana sun raba gari.

Haggai ya tuna da gonarsa. Dawarsa tana can ciyawa na cinye ta.

Da ya samu sauƙi Leah ta kifa masa malfa ta raka shi gona. Ya tarar da mazan unguwa a jere da garma, Dawuda a gaba. Ya zauna a inuwar ɗorawa.

Da aka kawo tuwo, Dawuda ya dire akushin a gaban Haggai ya kira sauran. Suka matso ɗaya bayan ɗaya.

"Allah ya saka," in ji Haggai.

"Ci tuwonka, soyayye," Dawuda ya ce, ya ɗauke naman.