Roscoe da Tumakin Kawu Peyo

Amaya ta taka birki, domin titin ya ɓace. Inda kwalta take, yanzu tumaki ne fari fat, suna gangarowa daga duwatsun Bighorn kamar gajimare ya gaji da sama ya sauko ya bi hanya. Motocin da ke gabanta sun kashe inji. Kowa a nan ya san idan kaka ta yi, garke ke da titi.

Tun daga birnin Denver take tuƙi, taga a buɗe, karenta Roscoe ya leƙa kai waje iska na wasa da kunnuwansa. Sun ratsa filin ciyawa mai ruwan zuma wanda ya ƙi ƙarewa, sun raba soyayyen dankali a wani gidan mai. Duk tsawon hanyar hoto ɗaya take gani: Roscoe a guje cikin ciyawar nan, baƙi da fari, tumaki na karkata duk inda ya karkata. Da wannan hoton ta lallashi zuciyarta. Wani asibiti a can birnin Seattle ya ɗauke ta aiki, ɗakin da ta samu kuwa ba a shiga da kare. Kawu Peyo, yayan mahaifiyarta, ya ce ta kawo masa shi. Ai jinin karnukan kiwo ne, kowa na faɗa mata zaman bene cuta ce a gare shi.

Aka ƙwanƙwasa rufin motar da sanda. Kawu ne, hularsa ta sha rana.

"'Yar birni! Kin tare wa tumakina hanya."

"Kawu, su dai suka tare mini."

"Kakanninsu sun riga titin nan zuwa. Ina sabon ma'aikacin nawa?"

Ta waiwaya. Babu kowa a kujerar. Can ƙasa ta hango wutsiya, sauran jikin ya shige ƙarƙashi.

"Gajiyar hanya ce," in ji ta.

"Fito da shi ya gaisa da iyayen gidansa."

Da ƙyar ta janyo shi. Ta ajiye shi a bakin titi, inda warin ulu ya gauraya da ƙamshin ganyen daji. Wata tsohuwar tunkiya ta tsaya, ta dube shi sama da ƙasa, ta buga ƙafa sau ɗaya. Roscoe ya yi tsalle ya faɗa ƙirjin Amaya, ya cusa hancinsa cikin rigarta. Karnukan Kawu biyu suka wuce ko kallo bai ishe su ba.

Kawu ya yi dariya har ya dafa motar. "Wannan ne jinin kiwon? Me kike ba shi a Denver, shayi da madara?"

"Zai koya, Kawu."

Dariyar ta sauka a hankali. Ya sosa wa karen bayan kunne da babban yatsa.

"Na ce zan riƙe shi, kuma zan riƙe. Abinci ba zai gagara ba, ga rumfa tare da sauran. Wataƙila ya koya. Wataƙila kuma ya zauna bakin ƙofa yana kallon titi. Na taɓa samun mai irin wannan halin."

"Me ya faru da shi?"

"Ya tsufa a wurin."

Amaya ta ƙara rungume karen. Tumakin na ratsa su ta dama da hagu, ƙararrawar jagoransu na yin nisa. Inuwar duwatsu ta fara rarrafe a kan ciyawa. Ta rigarta tana jin zuciyar Roscoe, da sauri da sauri, kamar ta tsuntsun da aka kama a hannu.

"Ki biyo bayanmu," in ji Kawu. "Innarki Pilar ta ɗora wake da naman rago tun safe."

"Zan ci, har da ƙari. Amma gobe mu biyu za mu wuce."

"Ɗakin fa?"

"Ban sani ba tukuna."

Ya leƙa bayan motar, ya auna da ido. "To, ba laifi. Kujerun nan suna kwanciya, in ta kama ku kwana a mota."

Ta tayar da inji, ta bi sahun ƙarshen garken a hankali, tafiyar tunkiya. Roscoe na kwance a cinyarta, ya runtse ido gam, yana jiran abin ya wuce.