Inuwar Zlatka a Cikin Bango

Shekara arba'in da biyar Stoimen yana gini a duwatsun Rodopi, bai taɓa aiki da mai tsaurin ƙa'ida irin Nevena ba. Mai zanen gini ce daga birnin Plovdiv, ta zo yin ɗakin halwa a saman ƙauyensu, inda mutanen birni za su riƙa zuwa su zauna mako guda ba magana. Shi a ganinsa wanda ke neman shiru ya zauna gidansa ya kama bakinsa, amma aiki ne, ya karɓa.

Ta hana siminti, ta hana ƙusa, ta hana a sare ko reshe ɗaya. Dutsen da gangare ya zubo da shi za a yi tushe, bango kuma laka da ciyawa. Ba a zubar da komai. Ko guntun zare ya faɗi, sai ta ce a jefa shi cikin kwaɓin laka ya ƙara wa bango ƙarfi. Stoimen yana gunaguni a baki, a zuci kuwa abin ya yi masa daɗi, don haka kakansa yake gini.

Bango ya kai tsayin mutum, lokacin kaka ya shigo, sai matarsa Zlatka ta daina hawo masa da abincin rana. Sanyi take ji, ga rana tana dukan tsakar gida. Ta ture wake, ta ture nono. Likitan gari ya duba ta tsaf ya ce bai ga komai ba.

Ran kwana na ashirin da fara ciwon, Nevena ta tsaya tana duban bakin rufin cike da jin daɗi.

"Baba, ka gaishe mini da Mama Zlatka. Ita ta ba ni faɗin rumfar nan, ka sani?"

"Ta yaya?"

"Ranar da ka tafi duba idon ruwa. Sandar awona ta karye, sai na tsayar da ita a bakin ƙofa da rana tsaka, na auna inuwarta da igiyar rama. Ta haka na gane inda rana za ta sauka a daɓe da hunturu. Ita ba ta ma lura ba, tana can tana ba ni labarin awakinta."

Stoimen ya ajiye abin da ke hannunsa. "Ina igiyar?"

"Cikin laka mana."

"Wane bango?"

Ta yi dariya. Kwaɓin ranar ya shiga duka huɗun.

Babu maginin da bai san wannan ba a duwatsun nan, ba a dai faɗa wa baƙo ne. Idan aka auna inuwar mutum aka binne igiyar a gini, ginin zai tsaya har jikoki, mai inuwar kuma kwana arba'in ke gare shi. Kakan Stoimen ya taɓa yi wa wani mai tallan gishiri haka a kan gadar ƙauyen. Gadar tana nan, ambaliya uku ba ta motsa ta ba. Da tsohon ya kusa mutuwa ya gaya wa jikansa cewa igiya ba ta fitowa ta daɗi, sai dai a sa wata da ta fi ta tsawo, ginin ya saki ta farkon.

Tsoro ya kama Stoimen, irin wanda bai taɓa ji ba ko a saman rufi. Ya gaya wa Nevena komai. Ta saurara da ladabi, ta dafa kafaɗarsa, ta ce za ta nemo wa Mama babban likita. Shi ke nan.

Washegari ya ɗauki diga ya gwada bangon arewa. Laka ce ta jiya-jiya, ya kamata ta fashe da bugu ɗaya, amma digar ta dawo masa har kafaɗa ta amsa. Ya bi bangon da tafin hannu, ko tsaga ɗaya babu. Cikin ɗakin kuma akwai ɗumi, alhali ba a taɓa hura wuta ba, ga ƙanshin hayaƙi da nono, ƙanshin rigar matarsa. Yana tsaye shi kaɗai da hantsi ya ji an yi ɗan gyaran murya a bayansa, irin wanda Zlatka take yi idan za ta yi masa faɗa. Bai waiga ba, ya fita.

Ran kwana na talatin da bakwai da fara ciwon, Zlatka ba ta iya ɗaga kofi. Da la'asar, lokacin da inuwa ke miƙewa, Stoimen ya tsaya a bakin ƙofar ya miƙa wa Nevena igiya.

"Auna tawa."

"Baba, inuwar la'asar ba ta da amfani a lissafi."

"Ki yi mini dai, 'yata. Rigimar tsufa ce."

Ta girgiza kai ta auna, ta ƙulla. Ya cusa igiyar a saman ƙofa ya shafe da sabuwar laka, wannan karon bangon bai yi gardama ba. Sauran igiyar da ke wurin aikin kuwa ya tattara ta kaf ya ƙone.

Kwana uku bayan haka sai ga Zlatka ta hawo gangaren da tukunyar wake, tana haki tana mita. Ta tarar da shi zaune cikin rana, ya ƙudundune a rigar sanyi.

"Tsoho, wannan wane sabon iyayi ne? Na tashi kai kuma ka kwanta?"

Ta ɗaga ido ta ga laka ɗanya a saman ƙofar. Shekara arba'in tana auren magini, ba ta bukatar bayani. Ta daɗe tana kallon wurin.

"Kwana nawa?"

"Uku."

"Wa ya roƙe ka?"

"Ki bar maganar. Tawa ta fi taki tsawo, kuma na ƙone igiyar duka."

Ta zuba masa wake, ta sa masa cokali a hannu. Ya kasa kai shi baki. Zlatka ta juya ta dubi rana, wadda kullum ƙara yin ƙasa take tun shigowar kaka, sannan ta dubi inuwarta a kan ciyawa.

"Nan da wata guda, gab da faɗuwar rana, har bakin dajin can za ta kai," in ji ta. "Igiya kuwa, ka manta ni ke kaɗa zare a gidan?"