Dutsen Bakin Ƙofar Leokadia

Shekara saba'in wurin ibadar Yahudawan garin yana rumbun taki, ba wanda ya ce uffan. Sai da motocin baƙi suka fara tsayawa kallon cocin katako sannan 'yan majalisa suka tuna suna da tarihi. Aka yi wa wurin ibadar fenti, aka yi shela duk mai dutsen kabarin Yahudawa a gidansa ya mayar, za a jera su jikin katanga. Nan take kowa ya zama salihi.

Na tsohuwa Leokadia yana bakin ƙofarta, a kife, shi ake takawa a shiga gida. Mahaifinta ne ya jawo shi a keken doki bayan yaƙi, da aka kwashe Yahudawan garin ba su dawo ba. Ta san na Fajga ne, mai gidan burodi, uwar ƙawarta Ruchla. Kullum da safe takan wanke shi, tana lallashin kanta cewa tunda a kife yake, ruwa da takalma ba su ci sunan ba. Burinta a ɗaga shi, wani ya karanta sunan, ba sai ya fito daga bakinta ba.

Czesław magini ya zo da ƙarfen ɓamɓara, sakatariyar majalisa na biye da shi da takarda. Maƙwabta suka cika shinge.

"Iya, ja da baya," in ji Czesław, "kar mu haɗa da ke cikin kayan tarihi."

"Uwarka ma ta girme ni. Ɗaga a hankali."

Ya juyo shi. Kyandirori biyu da aka sassaƙa a sama suna nan, alamar kabarin mace. Ƙasansu kuwa an bi rubutun da kurfi an fasa shi, layi bayan layi. Leokadia ta gane aikin. Mahaifinta bai taɓa barin aiki rabi ba.

"Iya, ko kin san na waye?" in ji sakatariya. "In da suna, sai mu rubuta a allo."

Leokadia ta dubi shinge. A coci har yau sunan mahaifinta na jikin bencin gaba. In ta faɗa, an san da saninsa ya ɗauko na matar da ta ciyar da su burodi a shekarar yunwa.

"Ina zan sani? Lokacin ina yarinya."

Sakatariya ta rubuta: ba a sani ba. Leokadia ta juya za ta shiga gida, kunya na cin ta, ta ɗaga ƙafa daidai inda ta saba, ta taka rami.