Wankakken Bakin Haƙa

Abu ɗaya ne ya hana Mridusmita Gogoi sakat. Bakin haƙa uku aka zura a rijiyar man da ake haƙawa a bayan gonar shayi, duka ukun suka fito da haƙoransu lafiya lau, amma haƙa ta ƙi gaba. Kowane sauyin baki kuwa sai an zaro bututu kaf daga ƙasa, yini ya tafi a banza. Manyan kamfani sun riga sun yanke magana: in wannan rijiyar ma ta ja lokaci, za a kwance injin haƙar a sallami ma'aikata.

Ita ce injiniyar da ke zaɓen baki, kuma ofis ake kawo mata wanda aka ciro ta duba. Da fari ta ɗauka dutsen ƙasa ne ya yi tauri, sai ta aika da mai gajerun haƙora. Ina! Abin ya ƙara taɓarɓarewa. To, in dutse ne, me ya hana haƙoran dakushewa? Ta juya bakin nan, ta shafa, har shinshinawa sai da ta yi. Fes yake, sai ka ce yau aka sayo shi.

Ranar da za a ciro na huɗu ta tafi da kanta. Tileswar Konwar, dattijon da ke shugabantar masu haƙa, ya tarbe ta da tamul, goron ƙasarsu, a kumatu.

"Baideu," ya ce, wato ranki ya daɗe a yarensu, "ke da kanki? Zauna a inuwa a kawo jan shayi. Yanzu zan aiko miki da bakin."

"A'a, Khura, yau a tsaye zan gan shi." Khura take ce masa, wato Baffa.

"Takalmin nan naki zai yi kuka," in ji shi, ma'aikata suka kwashe da dariya.

Bututu na ƙarshe ya hau. Abin da ya fito a ƙarshensa bai yi kama da baki ba. Dunƙulen yumɓu ne kamar tulu, ko haƙori ɗaya ba a gani. Kafin ta buɗe baki Tileswar ya jawo tiyo ya sakar masa ruwa, wani ya matso da buroshi.

"Tsaya!" Ita kanta sai da ƙarar muryarta ta ba ta tsoro. "Khura, kullum haka yake fitowa?"

"Kullum mana."

"Kuma kullum kuke wankewa?"

Ya dube ta kamar ta tambaye shi ko yana wanke fuska. "Haba, Baideu! Kayan da muke sa wa jan gari da furanni ranar Biswakarma, bikin girmama kayan aiki, shi zan aika ofis da ƙazanta? Ubangidana da ya koya min aiki, da mari zai raka ni."

Dariya ta taso mata, tausayi ya danne ta. Ta dangwali yumɓun ta nuna masa yadda yake manne wa yatsa. Babu wani dutse, ta ce. Yumɓun ne ke cushe tsakanin haƙora, bakin ya yi ta juyi a wuri ɗaya bai ciji komai ba. Da sau ɗaya ta gan shi a haka, da tuni ta aiko da mai dogayen haƙora masu tazara, da manyan kafofin ruwa.

Mai dogayen haƙoran aka zura washegari. Bututu ya dinga nutsewa har masu ɗaurawa suka fara ƙorafin gajiya, ba a sake jin zancen kwance inji ba.

Mridusmita ta nemi Tileswar don su yi murna tare. Ta same shi zaune kan buhun siminti, ya tofar da tamul ɗin, bai sa wani ba.

"Baideu, injin da aka kwance bara a garin Moran," ya ce, bai ɗago ba, "shi ma yumɓun nan ne?"

"Mai yiwuwa, Khura."

"Ƙanena ne shugaba a can. Yanzu kayan miya yake sayarwa a bakin titi." Ya dubi tafin hannunsa. "Ni na koya masa wankin."