Sunan Goggo Azumi a Gindin Takarda

Daren jiya wani mafarki ya zo mini, bari in faɗa muku tun bai tsere ba.

Amma sai na fara da Sa'ade jikata, malamar makaranta. Makon jiya ta zaunar da ni na faɗa mata yadda nake daddawa, tun daga dafa kalwa har shanya, ta rubuta ta sa a intanet. A gindin rubutun ta ƙara wani abu, ta karanta mini: kowa ya ɗauka kyauta, ya kwafa, ya raba, ya gyara ma in ya so. Sharaɗi ɗaya ne, ya ambaci mai abin, Hajiya Tabawa. Ni ke nan. Na ji daɗi, ban ƙara sunan kowa ba.

To a mafarkin sai ga ni a wani gari ana ruwa, amma daga ƙasa yake tashi yana komawa sama. Ƙafata sharkaf, kallabina a bushe. Na tambayi wata mai sayar da tabarmi, ta ce, "Ai shekara uku muna sha ba mu faɗi sunan gajimaren ba, shi ne ya zo ɗaukar abinsa."

Na ce ya yi daidai.

Sai ga ni a ofis. Wata jar akuya ce a kujera, da tabarau, ga takardu tuli guda. In ta ɗauki takarda gindinta kawai take dubawa. Idan sunan daidai ne ta buga mata kofato, takardar ta buɗe fiffike ta fice ta taga. Idan ba daidai ba ta cinye.

Ta jawo tawa. Da wari na gane ta.

"Hajiya, taki ce?"

"Tawa ce mana, ranki ya daɗe. Shekara hamsin ina yi."

"Ban tambayi shekara ba. Rufe kwando da ganyen gwanda, wa ya nuna miki?"

Na ce hannuna ne ya gano. Ta gatsi gefen takardar. Nan take na manta yadda ake wanke kalwa, na lalubi kaina wayam.

Gaskiyar ita ce Goggo Azumi ce, ƙanwar babana. Amma matar nan ta taɓa cewa a gaban mutane daddawata ko kare ba zai shinshina ba. Ta rasu tun ina goyon autana, ni kuwa ban manta ba.

Akuyar ta sake buɗe baki, daidai inda aka rubuta zancen kanwa.

Na ce, "Tsaya! Goggo Azumi ce."

Sai ga Goggo ta shigo a cikin tukunya, tana tuƙi da muciya.

"Ke Tabawa, har yanzu kina cika kanwa?"

"Na rage, Goggo."

"Ƙarya kike. To ni ma ba tawa ba ce, wurin Yakumbo Dije na gani. Ita kuma wurin wata Bagwariya, Ladi. A sa duka. Ke ma a sa ki, shanya a kan rufi dabararki ce, wannan kam kin fi ni."

Shekara nawa ina jiran kalmar nan, sai a ofishin akuya.

Akuyar ta yi ta jera sunaye har suka fi bayanin daddawar tsawo. Ta tofo gefen da ta gatsa ta liƙa, wankin kalwa ya dawo mini tsaf. Ta ɗaga kofato, ƙwal!

Na buɗe ido, gari ya waye. Akuyar maƙwabta ce ta ture mini tasar kalwa a tsakar gida.

Ban kore ta ba sai da na kira Sa'ade.

"Tsohuwa mai ran ƙarfe, da sassafen nan?"

Na ce, "Ja'ira, buɗe abin nan naki. Akwai mata uku da za ki sa a gabana. Yi sauri, akuyar ta fara ci."